Gadar da Autanmu Ya Gina

Ni ce na sa ƙauyenmu a taswira. Kafin ni, idan mutum ya buɗe waya ya nemi inda aka haife mu, fili zai gani fari fat, kamar ba a taɓa tatsar saniya a wurin ba. Ƙauyen yana gabas da Haɗeja, ta wajen Kirikasamma, a hayin wani reshe na kogi. Asalinsa ruga ce. Kakanmu ya gaji da yawo ya kafa bukka a nan, shanu suka yi ta raguwa, gona ta yi ta ƙaruwa, har muka wayi gari manoma. Ni karatu ya kawo ni cikin gari, na zama malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata, na yi aure a nan Haɗeja.

Taswirar da nake magana a kanta tana intanet, kuma ba ta wani kamfani ba ce. Duk wanda ya yi rajista zai iya zana hanyar unguwarsu, ya sa rijiya, ya sa masallaci, kowa a duniya ya gani. Manhajojin waya da dama, irin masu nuna wa direba hanya, daga can suke ɗibar hanyoyinsu. Doka ɗaya ce babba a wurin masu zanen, ita ce ma ta sa na so abin: ba a zana sai abin da yake ƙasa, wanda wani zai je ya gani da idonsa. Abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan tun da na fara riƙe alli. Hutu bayan hutu ina bayan babur ɗin maigidana, waya a hannu tana ɗaukar sawun hanya, rana tana gasa ni. Haka na zana hanyarmu ta gaskiya: a bi kwalta har a haye babbar gada can sama, sannan a sauka a bi burji tsakanin gonakin shinkafa, a yi ta lanƙwasa har gindin tsamiyar da ke bakin gonar mahaifinmu. Hanya ce mai nisa, amma da rani busasshiya ce, babbar mota ma za ta bi.

Wanda ya koya mini wannan aiki ƙanena ne, autanmu. Ba yaro ba ne, kada wani ya ba shi wannan uzurin, sa'anninsa har da masu 'ya'ya a firamare. Ya karanta kwamfuta, ya dawo ya buɗe shagon gyaran waya a bayan kasuwa, kuma duk Asabar da yamma abokansa suna taruwa a shagon. Na zauna da su ba sau ɗaya ba, don haka na san halinsu. Mutane ne masu kai, ban hana su ba. Amma za su sayo soyayyen kifi su bar shi ya huce suna musu a kan wace manhaja ta fi wata 'yanci. Aƙidarsu ita ce duk manhajar da ba za ka iya buɗe cikinta ka karanta ka gyara ba, to kai bawanta ne. Maigidana ya taɓa kai wa Auta kwamfutarsa don a canza batir, ya dawo da ita an goge mata komai an zuba mata manhajar 'yanci ba tare da an tambaye shi ba. Tun ranar injin buga takardunsa bai ƙara aiki ba, Auta kuma ya ce laifin masu injin ne da suka ɓoye sirrinsu.

To wannan Autan yana haɗa wasan kwamfuta. A wasan, kai mai babur ne, ka ɗauko kayan gwari daga fadama, dole ka kai kasuwar Haɗeja kafin su lalace. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne bai zana hanya ko ɗaya da hannunsa ba: wasan da kansa yake janyo hanyoyi daga buɗaɗɗiyar taswirar nan. Idan na zana sabuwar hanya yau, gobe za ta fito a wasansa. Ya nuna mini, na yaba masa, har na ce Allah Ya yi albarka. Da bakina na faɗa.

Mahaifinmu, da muke kira Baffa, shi kaɗai ya rage a gidanmu na ƙauye bayan rasuwar Inna. Gwiwoyinsa sun fara ƙin ɗaukarsa, amma ko a jikinsa. Babban yayanmu, Hamma, da ke aiki a Kano, ya matsa lallai sai Baffa ya bar gona ya dawo gari wurina, inda asibiti ke kusa. Baffa ya ce ko a mafarki. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan magana ɗaya: zai ƙara noman rani sau ɗaya. Idan tumatirin ya fita lafiya ya biya wahalarsa, har ya ɗauki masu taya shi, to a ƙyale shi a gidansa. Idan bai fita ba, zai ba da gonar haya ya tattaro kayansa. Baffa ya amsa a gaban limamin ƙauyen, kuma shi mutum ne da ba ya tashin maganarsa.

Ni ina bayan Baffa. Na san abin da ɗakin da ke kusa da zaurena zai zame masa. Don haka na sa kaina cikin lamarin. Abin da ke karya manoman hayinmu kullum shi ne ɗauko kaya: a loda a amalanken shanu, a yi ta jijjiga har bakin kwalta, kafin a isa rabin kwandon ya zama miya, dillalai su taya yadda suka ga dama. Na ce bana babbar mota za ta zo har gindin tsamiya. Ta hannun wani dillali na samu direba, baƙo ne, bai taɓa shiga fadamarmu ba. Na tura masa wurin a waya, na sa ya sauke manhajar da ke amfani da taswirarmu, tunda sauran ba su san da mu ba. Ya tambaye ni ko a samo masa ɗan jagora a tasha. Na ce ba ya buƙata, ya bi layin da wayar ta nuna masa kawai, ni na zana hanyar da ƙafata.

Tumatirin shekarar ya yi kyau, har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci sabo. Sanyi ya wuce, zafi ya fara kunno kai, aka tsinke shi ja wur aka jera kwanduna a inuwar tsamiya, an rufe bakinsu da ganye. Na ɗauki izini a makaranta na je. Baffa yana zagaya kwandunan da sandarsa, yana gyara wannan yana taɓa wancan, ya sa sabuwar hularsa kamar mai jiran baƙi daga nesa. Hantsi ya yi, direba ya kira ya ce ya baro kwalta. Na yi mamakin saurinsa amma na ce ƙila gwani ne. Can wayata ta sake ƙara.

Ya ce, "Hajiya, ga ni a bakin gadar, amma ban ga gadar ba."

Na ce wace gada, ai babbar gada tana kan kwalta, ba ta ɓuya. Ya ce shi dai waya ta ce ya sauka daga kwalta tun da wuri, ta bi da shi wata 'yar hanya, yanzu ta ce ya miƙe ya haye, ga shi kuma ruwa ne a gabansa da ciyawa. Yana cikin magana na ji hon daga wajen kogi. Muka juya gaba ɗaya. Can a ɗaya hayin, saman ciyawar kacala da ta cinye bakin ruwan, ga kan babbar mota yana kallonmu. Hanyar masunta ya biyo, wadda ko mai babur sai ya yi bisimilla yake shiga. Muna tsaye muna kallo ya yi ƙoƙarin juyawa, ƙafafun baya suka nutse a laka, motar ta karkata ta zauna.

Na buɗe taswira a wayata. Ga gada nan. Daga ƙarshen hanyar masunta ta miƙe sambal ta haye ruwa ta sauka a bayan gonar Baffa, an rubuta ta kankare ce, mota biyu za su gifta. Wayar direban ba ta yi ƙarya ba, ta ga gajeriyar hanya ta zaɓa masa. Ita wannan taswira ba ta mantuwa, duk abin da aka taɓa tana ajiye sunan wanda ya taɓa da dalilin da ya rubuta. Na danna tarihin gadar. Laƙabin da Auta yake amfani da shi a wasanni ya fito, watanni da suka wuce, da ɗan bayaninsa a ƙasa: ya ƙara gada saboda mataki na uku na wasansa ya yi tsawo.

Daga baya wasu sun ce da na sake duba hanyar kafin in tura wa direba. Ina so in san wanda yake fita kullum da safe ya duba ko an gina gada a bayan gidansu cikin dare.

Na kira Auta a nan tsaye. Da farko bai ma gane abin da nake nufi ba, ya manta da gadar. Da ya tuna, sai ya fara yi mini bayani, kuma bayanin ne ya fi gadar ƙona mini rai. Wai masu gwada wasan sun yi ƙorafi cewa zagayen babbar gada yana da gajiyarwa, kayan suna lalacewa kafin a kai, ba wanda ke cin matakin. Na ce to me ya hana ka sa gadarka a cikin wasanka, ka bar mana taswira? Ya ja numfashi irin na wanda aka yi wa tambayar jahilci. Ya ce ai wannan ƙazamin aiki ne. Wasan an gina shi ne ya janyo komai daga tushe, idan ya cusa gada da hannu ya ɓata tsarin, duk wanda ya buɗe cikin manhajar zai ga faci ya raina shi. Gyara mai tsabta, in ji shi, daga tushe ake yin sa. Ya so ya cire bayan gwaji, wani aikin ya sha kansa.

Ya ce, "Adda, ai ba wanda yake bin wajen."

Na ce masa ya zo ya ga wanda ya bi. Abin da na ƙara faɗa masa bayan wannan ba na rubutawa ba ne, matan da ke tsinkar tumatir dai sun daina aiki sun saurara.

Motar ba ta fita ranar ba, ba ta fita washegari ba. Sai da aka nemo tarakta daga wani gari, ta ja ta da ƙyar, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta. Direban ya tafi yana Allah Ya isa, kuma ban ga laifinsa ba. Na kira duk wanda na sani, amma lokacin kakar tumatir ne, kowace mota tana da mai ita. Muka gwada fito da kwalekwale, kacala ta toshe mashigin, kwando kaɗan ake iya ratsawa da shi, kuma ko an haye ba motar da za a sa. Aka koma wa amalanken da na ce bana an rabu da su, suka kai abin da suka iya kasuwar da ta riga ta cika ta batse. Sauran yana gindin tsamiya zafi yana dafa shi, ya fara fashewa, ruwa yana bin ƙasan kwanduna, ƙudaje suka samu biki.

Abin da ya rage shi ne kauɗa. Matan ƙauyen suka fito da wuƙaƙensu ba tare da an roƙe su ba, muka zauna muna tsaga tumatir muna shanyawa, fili guda ya yi ja. Auta ya zo a ranar ta biyu, ya yi tsuru-tsuru, ya karɓi wuƙa ya zauna can gefe. Mutumin da yake kwance waya ya mayar ba tare da ya ɓatar da ƙusa ɗaya ba, kafin azahar ya yanke yatsa. Ban ce masa sannu ba. Baffa bai yi masa faɗa ba, bai yi wa kowa ba. Ya cire sabuwar hular ya sa tsohuwar, yana bin shanyar yana juya ta da bakin sanda. Da na ga haka na shiga bayan ɗakin Inna na yi kuka, na haushi ne da na tausayi a haɗe.

Hamma ya zo ƙarshen mako. Na yi ta faɗa masa cewa wannan ba gazawar gona ba ce, ba gazawar Baffa ba ce, shirmen ɗan'uwanmu ne, a ƙara masa shekara. Hamma ya fara sassautowa ma. Baffa ne ya katse mu. Ya ce ba a yi da shi cewa sai idan laifinsa ne ba, an ce idan bai fita ba, kuma bai fita ba. Kafin damina ta sauka ya ba wani maƙwabci gonar haya, ya raba 'yan awakinsa, muka ɗauko shi da akwatinsa da buzunsa.

Ni kuwa tun a gindin tsamiya na goge gadar, na rubuta dalili da zafin da nake ciki. Na ɗauka an gama. Bayan 'yan kwanaki na duba, gada ta dawo. Wani ɗan sa-kai ne daga wata ƙasa mai nisa, irin masu sintiri a taswirar suna kama masu ɓarna. Ya ga an goge gada sukutum da kalamai masu zafi, ya ɗauka ni ce mai ɓarnar, ya mayar da ita. Ya rubuto mini cikin ladabi cewa gadar ta daɗe a taswira ba wanda ya yi ƙorafi, hoton tauraron ɗan'adam na wurin kuma tsoho ne bai fito sosai ba, don haka yana roƙon in kawo hujjar cewa babu ita. Na ce a nan aka haife ni. Ya ce ya yarda, amma zai fi kyau a samu hoto.

Wato ni, da nake koya wa yara yadda ake tabbatar da abin da yake akwai, aka aike ni in ɗauko hoton abin da babu. Na hau mota, na hau babur, na shiga kwalekwale, na sa mai fito ya tsaya da ni a tsakiyar ruwa daidai inda gadar take a waya. Ya tambaye ni me nake ɗauka, na ce gada. Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya juya kwalekwalen muka fito. Na tura hotunan, mutumin ya yi godiya, ya ce ruwa ne kam, amma ta yaya za a san wannan ruwan ne? Sai da na sake turawa da lambobin wurin a jikin kowane hoto. Shi kuwa Auta, da ya gina ta yana zaune a shago yana cin gyaɗa, ba wanda ya tambaye shi hoton komai. A ƙarshe shi ya shiga ya rubuta cewa shi ya ƙirƙire ta, sannan aka bar ni na goge.

Abokansa kuma suka kira zama a kan abin da ya faru, suka gayyace ni. Na je da shirin in ji an wanke shi tas. Mai jagorantar zaman ya fara da cewa al'adar masu manhaja ce idan aka yi ɓarna ba a kama sunan kowa, ba a ɗora wa mutum laifi, tsari ake bincika, don kowa ya saki jiki ya faɗi gaskiya. Suka yi ta zane a allo. Suka gano cewa an samu gada a taswira. An samu! Kamar kacala ce ta tsiro da kanta. Suka gano cewa manhajar direban ba ta gargaɗi, cewa hanyar masunta ba a rubuta faɗinta ba, wanda a fakaice ni ake nufi. Auta yana zaune yana gyaɗa kai da yatsa a naɗe. Na ɗaga hannu kamar ɗaliba, na ce ni na san sunan tsarin, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi, ga shi can kusa da firiji. Na ce kuma kada tsarin ya taka gidana sai na neme shi. Na ɗauki jakata na fita, na bar su da kifinsu.

Abin bai ƙare a nan ba. Wayoyi ba sa sabunta taswira kullum, wasu sai su yi watanni da tsohuwa a cikinsu. Gadar ta mutu a tushe amma tana raye a aljihun mutane. Masu sayen kifi, masu kai amarya, wasu ma'aikatan rigakafi, duk sun yi ta zuwa suna cin birki a bakin ruwa. Mai fito ya sa aka sare kacalar mashigin saboda ciniki ya buɗe, wani ya kafa teburin shayi, wata ta fara suyar awara. Mutane suka fara kiran wurin Bakin Gada. Yau ko ɗan acaɓa ka ce wa Bakin Gada ya san inda zai kai ka. Kuma dokar taswira ta ce sunan wuri shi ne abin da mutanen wurin suke kiransa. Da hannuna na rubuta sunan, ina cije leɓe, na sa alamar fito a kan ruwan.

Baffa a gidana ya zama abin da na ji tsoro. Ba ya ƙorafi. Yana zama a ƙofar gida bayan sallah, masu wucewa su gaishe shi ya amsa, bai san ɗan wa ye wannan ba, bai san saniyar wa ta haihu ba. Abinci sai ya taɓa ya ture. Yarana suna kallon talabijin, shi yana kallon bango. Da asuba yakan tashi ya ɗauki sanda kamar mai shirin fita, sai ya tsaya a tsakar gida ya koma ya zauna. Duk ranar da na ga haka sai haushin Auta ya dawo mini ɗanye, kuma watanni ban bar shi ya shigo ba.

Wata rana bayan la'asar ina tankaɗe, Baffa ya kira ni. Shi Malama yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya ce, "Malama, ki aika Auta ya zo, ya taho da gadar nan. Ta cinye mini tumatir ban taɓa ganinta ba."

Auta ya zo da kwamfutarsa a jaka, ya durƙusa ya gaishe da Baffa, ni ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Na ce ai gadar an goge, me zai nuna? Ya ce ya mayar da ita cikin wasan kawai, ba ta taɓa taswira. Na tambaye shi aikin ya ɗauke shi kwana nawa. Ya ce kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Na ajiye rariya na fita tsakar gida na sha iska, don idan na tsaya zan yi abin da zan ji kunyar Baffa.

Da na dawo an ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunne, Baffa yana kan buzunsa da abin sarrafa wasan a tafinsa, yana riƙe da shi kamar ƙwai. A wasan ya faɗa ruwa, ya sake faɗawa, ya bugi wani tebur da nake zaton na mai shayi ne. Auta ya kama babban yatsansa yana nuna masa. Can babur ɗin ya hau gadar. Baffa ya sassauta, ya bi ta a hankali, yana leƙen ruwa ta gefe. Ya ce tun yana saurayi ake haɗa su tawaga su je neman gada a daidai wurin nan, sun je da riguna na aro, an ba su lemo, an ce su koma za a duba. Ya ce ashe haka za ta kasance.

Ya sauka a hayinmu. Duk abin da ke wurin ni na zana shi da ƙafata: burjin, rijiyar, masallacin, iyakar gonar, har ɗigon da na sa na rubuta tsamiya. Wasan ya mai da ɗigon itace. Baffa ya tuƙa har gindinta ya tsaya. Agogon wasan yana ta ƙirgawa, kayan da ke bayan babur suka lalace, rubutu ya fito cewa ya faɗi. Auta ya miƙa hannu zai sake farawa, Baffa ya buge hannun. Ya ce a bar shi, bai gama hutawa ba. A daren bai ture tuwonsa ba.

Washegari Auta ya cire masa agogon, ya bar tsohuwar kwamfuta a gidana. Yanzu kusan kullum bayan la'asar Baffa yana hayewa. Ba ya ɗaukar kaya, ba ya zuwa kasuwa. Ya haye, ya zagaya gonar, ya tsaya a gindin tsamiya, wani lokaci ya yi gyangyaɗi a nan. Gonar ta gaskiya shinkafar wani ce a cikinta, kuma gwiwoyinsa ba za su ƙara shiga kwalekwale ba, shi ma ya sani. Ni ban huce ba, kada a yi mini shaidar da ban nema ba. Duk wanda ya ce mini ai abin ya zo da alheri, sai in tambaye shi ko ya taɓa tsaga tumatirin ubansa yana ruɓewa a hannunsa. Amma ni nake tuna sa kwamfutar a caji idan an kawo wuta.

Kwanan baya na kawo masa fura na tarar ya tsaya a tsakiyar gadar, ya ƙura mata ido, fuskarsa ba daɗi. Na tambaye shi ko wani abu ya lalace.

Ya ce, "Malama, ki gaya wa Auta ta yi ƙunci. Idan shanu suna dawowa da yamma, mai babur ba shi da wurin raɓewa. Ya ƙara mata faɗi, ya sa mata kariya ta gefe saboda 'yan maruƙa."

Na ce Baffa, ai babu shanu a wasan. Ya dube ni kamar na ba shi kunya da karatuna, ya ce yanzu ne babu.

Masu manhaja suna da shafin da ake kai ƙarar abin da ya lalace, kowa ya gani, mai gyara ya amsa. Na ajiye kwanon furar, na buɗe shafin wasan Auta, na rubuta yadda Baffa ya faɗa ban rage ko kalma ba. A wurin da ake zaɓar girman matsala na zaɓi mafi girma.